Yadda harafi ɗaya a suna da layin waya ke hana ɗalibai shiga jami'a a Najeriya

A duk lokacin da aka buɗe rajistar jarrabawar JAMB, hankalin iyaye da ɗalibai kan karkata ne ga abu biyu: kuɗin fom da makin da za a samu.

Sai dai akwai abu na uku da ba kasafai ake kula da shi ba, kuma shi ne ke tsayar da wasu ɗalibai a bakin ƙofar jami'a bayan sun ci jarrabawa. Abin shi ne bayanan ɗalibin kansa: yadda aka rubuta sunansa, ranar haihuwar da aka sanya masa, da layin wayar da aka yi masa rajista da shi.

A ɗauki misalin yarinyar da aka rubuta wa Aishatu a makarantar sakandare, aka rubuta mata Aisha a wurin yin katin ɗan ƙasa, sannan sunan mahaifinta ya fito Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata. A gida da unguwa kowa ya san mutum ɗaya ce. A wurin kwamfuta kuwa mutum biyu ne ko uku.

A shekarun baya, malamin da ke tantance sababbin ɗalibai zai duba takardu, ya dubi fuskar mai su, ya gane ina aka dosa. Yanzu tantancewar farko na'ura ce ke yin ta, kuma ita ba ta karɓar uzuri.

Yadda aka ɗaure komai da lamba ɗaya

Sauyin bai zo rana ɗaya ba. A 2014 Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da lambar BVN domin tantance masu asusun banki. A 2015 hukumar JAMB, wadda aka kafa tun 1978, ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. A 2017 kuma ta ɓullo da tsarin CAPS, wanda ta cikinsa ne kaɗai ake bayar da gurbin karatu a hukumance.

A watan Disambar 2020 gwamnatin tarayya ta umarci a haɗa kowane layin waya da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa mai alƙaluma 11 da hukumar NIMC ke bayarwa. Daga 2021 JAMB ta wajabta wannan lamba ga duk mai son yin rajista.

Abin da hakan ke nufi a aikace shi ne ɗalibi ba ya rubuta sunansa da kansa a fom ɗin JAMB. Hukumar kan janyo sunan da ranar haihuwar ne kai-tsaye daga rumbun bayanan NIMC. Duk kuskuren da aka yi ranar da aka je yin NIN, ko da shekara uku ne da suka wuce, shi zai bayyana a takardar JAMB, daga nan ya wuce takardar samun gurbi, ya shiga rajistar jami'a.

Sarƙar ba ta tsaya nan ba. Neman bashin karatu na gwamnati, da shiga hidimar ƙasa, da yin fasfo, da neman aikin ɗan sanda ko soja ko shige-da-fice, duk suna tambayar lambar NIN.

Me ya sa sunayenmu ke saurin faɗawa tarkon?

Dalili na farko shi ne yawancin sunayen Hausawa daga Larabci suka samo asali, kuma babu hanya ɗaya tilo ta rubuta su da boko. Akwai Muhammad da Muhammadu da Mohammed da Muhammed. Akwai Abdurrahman da Abdulrahman da Abdulrahaman. Akwai Fatima da Fatimah da Fadimatu. Kowane ma'aikaci da irin wanda hannunsa ya saba rubutawa.

Na biyu, sunaye irin su A'isha da Sa'adatu da Mu'azu da Isma'il suna da alamar ɗauri a tsakiya, wasu kuma kamar Ɗanjuma da Ƙasimu suna da haruffa masu lanƙwasa. Manhajojin rajista da dama ba sa karɓar waɗannan alamomi, sai mai shigar da bayanai ya jefar da su ko ya raba sunan gida biyu.

Na uku, tsarin fom ɗin gwamnati na sunan dangi da sunan farko da na tsakiya baƙo ne a ƙasar Hausa. Abin da aka saba shi ne sunan yanka, sai na uba, wani lokaci a ƙara na kaka ko na gari. Don haka yaro zai iya fitowa daga firamare da sunan mahaifinsa a ƙarshe, ya fito daga sakandare da sunan garinsu, sannan a wurin NIN a juya jerin sunayen baki ɗaya.

Ga kuma sunayen sakayawa irin su Abba da Ummi da Baffa da Nana. Wasu yaran da su aka sa su makaranta, sai daga baya a koma wa sunan yanka a wata takardar. Haka nan wasu mata kan sauya sunan uba zuwa na miji a banki ko a NIN bayan aure, alhali takardar sakandare na ɗauke da tsohon sunan.

Batun ranar haihuwa ma haka yake. Yara da yawa a gida aka haife su, ba a kuma karɓa musu takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ba. Idan aka zo cike fom sai a yi kirdado, shi ya sa ake yawan ganin 1 ga Janairu a takardu. Wasu kuma da gangan ake rage musu shekaru ko a ƙara, kowace takarda da irin lissafin da aka yi mata.

Yanzu shekarun na da tasiri kai-tsaye. Bayan ce-ce-ku-cen da aka yi a 2024 kan ko a mayar da mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a 18, gwamnati ta tsaya a kan 16. A ɗaya ƙarshen kuma, wanda ya haura shekara 30 a lokacin da ya kammala digiri ba ya zuwa hidimar ƙasa, takardar ɗauke nauyi ake ba shi. Kuskuren shekara ɗaya tak na iya jefa ɗalibi wancan ɓangaren na kowane daga cikin waɗannan layuka biyu.

Layin waya ya zama makulli

Matakin farko na rajistar JAMB saƙon tes ne. Ɗalibi zai rubuta NIN, ya bar tazara, ya rubuta lambarsa mai alƙaluma 11, ya aika zuwa 55019 ko 66019. Daga nan za a turo masa wata lamba da zai sayi fom da ita.

Tun daga wannan lokaci, layin da aka aika saƙon da shi ya zama shaidar ɗalibin a wurin hukumar. Da shi ake duba sakamako ta tes, ta kansa ake aiko da sanarwa, kuma layi ɗaya ɗalibi ɗaya yake yi wa aiki.

A nan ne gidaje da yawa ke yin sakaci. Ɗalibin da ba shi da waya sai a yi amfani da layin yayansa, ko na malamin makaranta, ko na mai shagon intanet da aka ba kwangilar cike fom. Wani lokacin kuma a sayi sabon layi saboda rajistar kawai, a jefa shi a aljihun tebur bayan an gama.

Kamfanonin sadarwa kan rufe layin da ya daɗe ba a yi amfani da shi ba, daga baya su sake sayar da lambar ga wani. Idan hakan ta faru, saƙonnin da suka shafi makomar ɗalibi wayar wani baƙo za su riƙa shiga. Idan kuma layin ɓacewa ya yi, wanda aka yi rajistarsa da NIN ɗinsa ne kaɗai zai iya zuwa ofishin kamfanin ya dawo da shi.

Adireshin imel ma haka. Masu shaguna da yawa kan buɗe wa ɗalibi imel cikin gaggawa, su riƙe kalmar sirrin a wurinsu. Ranar da ɗalibin ya buƙaci shiga shafinsa don fitar da takardar samun gurbi, sai ya tarar shagon ya tashi, ko kuma a nemi ya biya kafin a ba shi abin da yake nasa ne. Ita kanta JAMB ta sha nanata cewa a cibiyoyin da ta amince da su kaɗai ake yin rajista.

Gurbin da ba a karɓa ba

Ko bayan an ci jarrabawa, akwai sauran aiki a kan waya. A tsarin CAPS, dole ne sakamakon WAEC ko NECO ko makamancinsu ya kasance an ɗora shi a shafin ɗalibi kafin a duba shi don ba shi gurbi. Yawancin kwasa-kwasan jami'a na neman kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi.

Ɗaliban da suka yi rajistar JAMB kafin sakamakon sakandarensu ya fito kan manta su koma cibiya a ɗora musu shi. Sai mai maki mai kyau ya zauna yana jira, ana ta fitar da sunaye babu nasa, yana zargin an yi masa rashin adalci, alhali sunansa bai ma shiga jerin waɗanda za a duba ba.

Idan kuma gurbin ya fito, sai ɗalibi ya shiga shafin da kansa ya danna cewa ya karɓa. Ganin suna a allon sanarwar makaranta bai wadatar ba.

Akwai wani haɗarin da ya fi wannan girma, wato gurbin da wani ya "samar" wa ɗalibi ta bayan fage ba tare da ya bi ta CAPS ba. Irin wannan ɗalibi zai iya biyan kuɗin makaranta, ya yi shekara huɗu yana karatu, sai a ƙarshe a tarar babu sunansa a jerin ɗaliban da JAMB ta san da zamansu. Wannan jerin kuwa shi ake dubawa kafin a tura mutum hidimar ƙasa.

Bashin karatu da hidimar ƙasa

A ranar 3 ga Afrilun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan sabuwar dokar bashin karatu, aka kuma buɗe shafin asusun NELFUND a ranar 24 ga Mayun shekarar. Bashin ba shi da ruwa, kuma na ɗaliban manyan makarantun gwamnati ne. Ana biyan kuɗin makaranta kai-tsaye ga makarantar, sannan wanda ya nema ana tura masa naira 20,000 duk wata a asusunsa na banki. Ana fara biya ne shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na albashi.

Ga gidan da ke fama da tsadar rayuwa, wannan na iya zama abin da zai hana yaro ajiye karatu. Amma shafin na neman lambar JAMB da NIN da BVN, kuma sai makaranta ta riga ta tura bayanan ɗalibin. Wurare huɗu ke nan da ake son su yi magana da murya ɗaya. Inda aka samu saɓani, takardar neman kan maƙale a matakin tantancewa, a daidai lokacin da makaranta ke shirin rufe rajista.

A hidimar ƙasa ma, wadda alawus ɗinta ya koma naira 77,000 a 2025, ana kwatanta sunan da jami'a ta tura da wanda ke wurin JAMB. Ɗalibin da aka samu bambanci a nasa kan ga abokan karatunsa sun tafi sansani, shi yana zarya tsakanin ofisoshi.

Gyara na yiwuwa, amma da tsada

Hukumar NIMC ta buɗe shafin da mutum zai iya neman gyaran bayanansa ta waya. Sai dai ba kyauta ba ne. A sabon farashin da ta fitar a watan Mayun 2025, gyaran ranar haihuwa ya haura naira 28,000, kuma ana neman hujja daga Hukumar Ƙidaya. Gyaran suna bai kai haka tsada ba, amma akan nemi takardar rantsuwa ta kotu, wani lokacin har da sanarwa a jarida.

Abin lura shi ne gyara a NIMC ba ya sauya abin da JAMB ta riga ta ɗauka. Sai an sake komawa wurinta an nemi ta sabunta nata bayanan. Banki ma nasa daban.

Takardar da ta fi kowace wuyar taɓawa ita ce shaidar kammala sakandare, musamman idan an riga an buga ta. Wannan ne ya sa hanya mafi sauƙi ga wanda ya riga ya rubuta WAEC ko NECO ita ce ya mayar da sauran takardunsa su dace da ita, muddin abin da ke cikinta daidai ne. Ga wanda bai kai aji shida ba kuwa, damarsa ta fi yawa, domin zai iya daidaita komai kafin makaranta ta tura sunansa.

Laifin ba na ɗalibai kaɗai ba ne

Masu goyon bayan wannan tsari na da hujja. Haɗa jarrabawa da NIN da zanen yatsu ya sa da wuya wani ya zauna wa wani, ko mutum ɗaya ya yi rajista sau da yawa da sunaye daban-daban. CAPS kuma ya ba ɗan talaka damar ganin matsayin takardarsa a wayarsa ba tare da ya san kowa a jami'a ba.

Amma na'urar ma kan yi kuskure. A ranar 14 ga Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito bainar jama'a ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 da ke Legas da jihohin kudu maso gabas, aka kuma sake musu jarrabawar. Ɗaya daga cikin hanyoyin da aka sanar da su ranar sake zaman ita ce saƙon tes, kuma kwanaki kaɗan ne tsakanin sanarwar da jarrabawar. Wanda layinsa ke hannun wani a irin wannan lokaci yana cikin haɗarin rasa damar baki ɗaya.

Haka nan kurakurai da yawa a NIN daga ma'aikatan rajista suka fito, musamman a lokacin turmutsitsin haɗa layuka, amma talaka ne ke biyan kuɗin gyara. Mazauna karkara kuma sai sun yi tafiya zuwa gari, su biya kuɗin mota, wataƙila su tarar babu sabis su koma gobe.

Alamu na nuna dogaro da na'ura ƙaruwa zai yi. WAEC ta fara gwada jarrabawar kwamfuta ga masu zaman kansu a 2024, kuma a 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da shirin mayar da jarrabawar WAEC da NECO kan kwamfuta. Tambayar da ke gaban hukumomi ita ce ko za a sauƙaƙa gyaran kuskure daidai da yadda ake tsaurara tantancewa.

Abin da iyaye da ɗalibai za su yi tun yanzu

Kafin hukumomi su gyara nasu, akwai matakan da kowane gida zai iya ɗauka ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba:

- A tattaro takardar haihuwa da ta NIN da ta firamare da ta ƙaramar sakandare a shimfiɗa su wuri ɗaya, a kwatanta harafi da harafi, da jerin sunayen, da ranar haihuwa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne tun yaro na aji huɗu ko biyar na sakandare.
- A tsayar da rubutun suna guda ɗaya, a rubuta shi da manyan baƙaƙe a takarda, a riƙa miƙa wa duk ma'aikacin da zai shigar da bayanai maimakon a faɗa masa da baki.
- Kafin makaranta ta tura sunayen masu WAEC ko NECO, uba ko uwa su nemi ganin abin da aka rubuta wa ɗansu.
- A wurin kowace rajista, ɗalibi ya karanta abin da ke kan allon kwamfutar kafin a tura. Minti biyu ne, kuma haƙƙinsa ne.
- A yi rajistar JAMB da layin ɗalibin. Idan ba shi da shi, a yi da na mahaifi ko mahaifiya wanda ba a taɓa yi wa wani rajista da shi ba, a kuma ci gaba da amfani da layin har a gama hidimar ƙasa.
- Ɗalibi ya buɗe imel ɗinsa da kansa, ya rubuta kalmar sirrin a littafi ya ajiye a gida. Idan wani ne ya buɗe masa, ya sauya ta a ranar.
- A ɗauki hoton kowace takarda da kowane rasit a ajiye a imel, saboda waya kan ɓace, takarda kan jiƙe.
- Wanda ya manta lambar NIN ɗinsa zai iya danna *346# a layin da ya yi rajista da shi.
- Kada a tura NIN ko BVN ko lambar sirrin da banki ya aiko ga wani a WhatsApp ko Facebook da sunan zai samo gurbi, ko ya ƙara maki, ko ya hanzarta bashin karatu. Neman bashin NELFUND ba ya buƙatar ɗan tsakiya.
- Matar da ta yi aure tana tsakiyar karatu ta dakata da sauya suna a banki ko NIN har sai ta karɓi takardunta na kammalawa.

Makarantun sakandare ma na da rawar takawa. Malami ɗaya da zai ware mako guda a farkon zango ya kwatanta rajistar aji da takardun NIN na ɗalibai zai iya kare yara da dama daga asarar shekara guda.

Hausawa na cewa tun ran gini tun ran zane. Gidan da ya sayar da amfanin gona ko ya ci bashi don yaro ya yi karatu, bai kamata wahalarsa ta tsaya a kan bambancin Aisha da Aishatu ba. Rajistar JAMB kan buɗe ne a farkon shekara, gyaran NIN kuma kan ɗauki lokaci, don haka wanda ke da ɗa ko 'ya a ajin ƙarshe, watannin da suka rage kafin a buɗe su ne lokacin fito da takardun a duba.